Riga, Zobe da Takalmi: Tambayoyi da Amsoshi Ga Masu Kai Kaya a Karkarar Kano da Jigawa

Waɗannan tambayoyi na masu kai kaya ne: direban kanta da ke ɗauko kayan masarufi daga kasuwar Singa zuwa kantunan Gezawa da Ringim, mai kurkura da ke raba ruwan leda da burodi, matashin da ke kai saƙo a kan babur, da mai motar siminti ko taki da ke shiga ƙauyukan Kura da Bunkure da Auyo. Tun da kamfanoni da manyan diloli suka fara raba riguna masu tambari, suna kafa sharaɗi a kan zobe da takalmi, gardama ba ta ƙarewa a tasha da bakin sito. Wasu na cewa takura ce, wasu na cewa raini ne ga shigarmu ta Hausa. Na daɗe ina hulɗa da lodi da masu lodi, kuma ba na ɓoye ra'ayina: duk sharaɗin da mai gida zai iya nuna maka haɗarin da yake karewa, ka bi shi ko da ba daɗi. Wanda ya kasa faɗin dalilinsa, wannan a zauna a tattauna.

Malam, wai dole ne sai na sa rigar kamfani? Ni da kaftanina na saba.

In ka karɓi aikin a kan wannan sharaɗi, to, ya hau kanka. Rigar kamfani tana cikin yarjejeniyar da ke tsakaninka da mai gidanka, shi ya sa ya kamata a faɗa maka tun ranar farko, kafin ka riƙe makulli. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin a cika wata 3 da farawa. Ka nemi takardar nan, haƙƙinka ce.

Amma bar batun doka, dubi garin da kake shiga. Yawancin gidajenmu ba a shiga. Za ka tsaya a ƙofar zaure ka yi sallama, matar gida ta turo yaro ya leƙo, kuma da abin da yaron ya gani za ta yanke shawarar ko ta miƙo kuɗi ko ta ce a jira mai gida ya dawo daga gona. Mai kanti a ƙauye da zai damƙa maka cinikin mako guda yana son ya ga alamar da ya sani, musamman ranar da aka canza direba. Haka 'yan sintiri da ke tare hanya bayan isha'i. Riga mai tambari da katin shaida suna rage maka dogon bayani a duk waɗannan wurare. Ni dai ban ga wulaƙanci a ciki ba.

To me zobe ya yi? Ɗan ƙaramin abu a yatsa, wa ya tsare wa hanya?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a tsaya a kanta, domin a nan ne mutane suka fi taurin kai, kuma a nan ne asarar ba ta gyaruwa.

Ka tsaya wata rana ka kalli yadda ake sauka daga bodin kanta in an gama sauke kaya. Ba mai neman matakala. Mutum yakan dafa ƙarfen gefen bodi da hannu ɗaya, ya wurgo ƙafafu waje, ya saki jiki. A gefen bodin nan akwai ƙugiyoyin da ake ɗaure igiyar tamfol, akwai kan noti, akwai bakin walda da ba a goge ba. In zobe ya sarƙe a ɗaya daga cikinsu daidai lokacin da ƙafa ta bar bodi, nauyin mutum gaba ɗaya ya koma kan yatsa ɗaya. Zoben ba ya tsinkewa. Fata da nama da jijiyoyi su ne suke biyo shi, kamar an zare safa, wani lokaci har da gaɓar yatsan.

Na ga irin wannan da idona wata ranar Juma'a a kasuwar Wudil. Yaron mota ne, da ƙyar ya haura shekara ashirin. Ya diro, ya yi taku biyu, sannan ya tsaya yana kallon hannunsa, ko ihu bai yi ba da farko. Zoben yana can sama rataye a ƙugiya. Mai shayi ne ya yage ƙyalle ya naɗe masa hannun, muka sa shi a mota. Yatsan bai dawu ba. Irin wannan rauni yana ba likitoci wahala ƙwarai, domin jijiyoyin jini ba yankewa suke yi a tsaftace ba, tsinkewa suke bayan sun miƙe sun lalace.

Haɗari na biyu yana ƙarƙashin bonet. Batirin ƙaramar mota ƙarfin lantarkinsa volt 12 ne, manyan motoci da yawa kuma 24. Ba ya jan mutum irin na wutar gida, shi ya sa ake raina shi, alhali ƙarfin da ke juya inji ya tashi yana cikinsa. Kana ɗaure kan batir da sifana, zobenka ya taɓa sifanar ta gefe ɗaya, ya taɓa bodin mota ta ɗaya gefen: wutar gaba ɗaya ta bi ta cikin zoben. Cikin ƙiftawar ido ya yi zafin da zai ƙone naman yatsa zagaye, har yakan manne da ƙarfen ya hana ka fizge hannu. Azurfa kuwa, a duk ƙarafa babu wanda ya kai ta saurin ɗaukar wutar lantarki. Don haka kafin ka taɓa batir, cire zobe da agogon ƙarfe, kuma ka fara kwance wayar da ke haɗe da bodi, mai alamar ragewa, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa.

Na san abin da ake cewa a tasha: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma an umarce mu da mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Amma zoben azurfa ai sunna ne. Ba hana ni addinina ake yi ba?

Ɗan'uwa, tabbas Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya riƙe zoben azurfa, da shi ake hatimce wasiƙun da yake aika wa sarakuna. Ba wanda zai raina wannan. Sai dai sa zobe ba farilla ba ne, kuma cire shi na wasu sa'o'i saboda tsare lafiya ba laifi ba ne. Ƙa'idar da muka taso muna ji ita ce babu cuta babu cutarwa. Ka tambayi malamin da ka yarda da shi, ka kwatanta masa ƙugiyar bodi da kan batir yadda suke, ka ji abin da zai ce. Zinare kuwa dama an haramta shi ga maza, wannan ba ya ma cikin gardamar.

Abin da nake ba da shawara: in za ka fita aiki ka bar shi a gida, ko ka sa shi a aljihu mai zif. In an tashi, ko za ka masallacin Juma'a, ka mayar. Kada ka rataye shi a wuya da igiya mai ƙarfi, ka gudu daga haɗari ɗaya ka faɗa wani. Masu zoben gado ko wanda suke riƙe da shi don tsari, ban zo yi muku hukunci ba, amma ku ma ku ajiye shi a aljihu lokacin lodi.

Nawa ya shekara da shekaru a hannuna, ya ƙi fita. Yaya zan yi?

Gwada bayan ka tsoma hannu a ruwan sanyi, lokacin yatsa bai kumbura ba. Shafa sabulu ko man gyaɗa, ka riƙa murzawa a hankali. In ya ƙi, zura zare ta ƙarƙashin zoben, ka naɗe yatsan da shi tamau har ya wuce gaɓa, sannan ka riƙa warwarewa daga gindin zoben, zai biyo zaren. Kada ka bar zaren ya daɗe. In duk bai yi ba, maƙerin azurfa zai yanke shi ya ƙara masa faɗi ya mayar maka.

Ka riƙe wannan kuma: duk lokacin da hannu ya bugu, ko ƙofar mota ta datse shi, ko kunama ta harba, zobe ake fara cirewa tun kafin kumburi ya zo.

In abin ya riga ya faru fa, yatsa ya fita?

A danne raunin da ƙyalle mai tsafta, a ɗaga hannun sama. Kada a zuba ƙasa, toka, garin batir ko man birki. A ɗauki abin da ya fita, a naɗe shi a ƙyalle mai tsafta mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Naman kada ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A nufi asibiti mafi kusa nan take, su za su tura ku gaba, ko Asibitin Ƙashi na Dala, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Rasheed Shekoni a Dutse. Ba a kwana da irin wannan a gida, ba a kuma fara kai shi wurin mai ɗori.

Agogo, sarƙa, carbi da laya fa?

Agogon roba ko na fata ya fi na ƙarfe, domin yana tsinkewa in ya sarƙe, kuma ba ya ɗaukar wuta. Sarƙa da carbi a wuya suna lilo in ka sunkuya kan inji, ga fanka ga fanbel suna juyawa. Carbi a aljihu ya fi. Wanda ake ratayawa a madubin gaba ma, in ya yi tsawo, yana ɗauke ido.

Laya ko kambu da ke ƙarƙashin riga, manne da jiki, mai gida ba shi da hurumin laluben mutum a kansu. In dai ya fito waje yana reto, hukuncinsa ɗaya da sarƙa.

Babbar riga ko jallabiya a kan babur, musamman ranar Juma'a?

A'a. Ko mai gida bai hana ba, ni na hana ɗan'uwana. Bakin riga yana sauka ya shiga tsakanin sarƙa da haƙoran ƙafar baya, ko cikin wayoyin taya, ya naɗe. Ko dai tayar ta tsaya cak kana cikin gudu, ko rigar ta fizgo ka ƙasa ta baya. Kuma da yawa daga baburan da ke yawo a ƙauyukanmu an cire musu murfin sarƙa, ba a mayar ba.

A cikin mota ma hannun babbar riga yana kama giya da mariƙin ƙofa, ƙasanta kuma yana taruwa a kan feda. Ninke ta ka sa a leda a akwatin kaya, in ka isa masallaci ka ɗora a kan kayan aiki. Jamfa ko 'yar shara da ta tsaya a gwiwa, da wando da bai ja ƙasa ba, shiga ce ta mutunci kuma ba ta da wannan matsala. Kamfanin da ke da hankali zai iya ɗinka rigarsa a wannan siffa ya buga tambarinsa a ƙirji, ba dole sai 'yar shet mai kama jiki ba. Da yawa daga dattawan direbobi abin da ke damunsu ke nan, a sa mai furfura cikin rigar da yake jin kunyar gaida surukinsa da ita, kuma suna da gaskiya.

Ni mace ce, ina kai wa mutane kaya a Dutse da kewaye. Za a iya hana ni hijabi?

Hajiya, sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini da bayyana shi a aikace. A watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata a makarantun gwamnatin jihar Legas 'yancin sa hijabi. Wancan hukunci a kan makarantu yake, amma ya nuna nauyin da kotu ke ba al'amarin. A Kano da Jigawa ma da wuya ki haɗu da mai cewa ki cire.

Abin da za a iya nema gare ki, kuma ina goyon baya, shi ne tsawonsa. Hijabi har ƙasa a kan babur, ko kina tuƙi ko an goya ki, yana shiga taya ta baya inda idonki ba ya gani, kuma wuya yake fizga. Mata da yawa sun ji munanan raunuka ta haka. Ki sa wanda ya tsaya a ƙugu, ki ɗora rigar aiki a kansa ta riƙe shi. In dogo ne a jikinki kuma dole ki hau, tattare shi gaba ɗaya ki zauna a kai. Ki tabbata kuma bai rufe miki gefen ido ba in kin waiga.

'Yan kunne ƙanana masu manne da kunne ba su da laifi. Masu reto, da awarwaro, da zobba, a ajiye sai an tashi. Gwal kuma yana jawo idon da ba ki so a hanyar da ba mutane. Lalle ba ya hana komai.

Silifa fa? Zafi ake yi, takalmi sau-ciki yana dafa ƙafa.

Na sani, amma silifa ba takalmin aiki ba ce. Tana zamewa daga kan birki in ƙafa ta yi gumi, tana lanƙwashewa ta shige ƙarƙashin feda a lokacin da kake buƙatar taka shi. A kan babur ba abin da ke tsakanin yatsunka da kwalta, ga salansa mai zafi a gefen ƙafa. Wajen sauke kaya kuwa, buhun siminti kilo 50 ne, haka buhun taki, kuma kiret ɗin lemo ko tukunyar gas in ta suɓuce a kan yatsu take sauka.

Mai kai ƙananan saƙo, kambas mai rufe ƙafa ya ishe shi. Mai gas, siminti da lemo, takalmi mai ƙarfe a baki ya kamata, ana kuma samun na gwanjo mai kyau a Ƙofar Wambai. Zaɓi wanda ba shi da wahalar cirewa, domin sau nawa za ka cire a yini: alwala, masallaci, shiga zauren mutane. Bayan alwala ka goge tsakanin yatsu su bushe kafin ka mayar da safa, in ba haka ba ƙaiƙayi da tsagewar fata za su sa ka koma wa silifa cikin mako biyu. Silifar ka ajiye ta ƙarƙashin kujera don lokacin hutu.

Hular kwano dokar kamfani ce ko ta gwamnati?

Ta gwamnati ce. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a mota daga 1 ga Janairun 2003, hular kwano ga masu babur kuma daga 1 ga Janairun 2009. Masu shekaru za su tuna yadda aka yi ta turjiya a lokacin, har wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. Yau a ƙauye kusan ba mai tambayarka, shi ya sa aka watsar. Rashin mai kamawa bai rage taurin kwalta ba ko kaɗan.

Hular leburorin gini ba ta babur ba ce. Kuma hular da ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba, ita ke fara tashi kafin kai ya isa ƙasa. Zanna bukar ko ƙube ba sa zama a ƙarƙashinta, sai dai 'yar tashi-ka-fiye-naci mara kauri. In ta taɓa buguwa da ƙarfi a haɗari, a canza ta ko da ba a ga tsagewa ba.

Rigar da aka ba mu ta leda ce, a watan Afrilu kamar za mu mutu. Mu yi shiru?

Kada ku yi shiru. A Afrilu da Mayu zafi a Kano da Haɗeja da Gumel yana haura digiri 40, kuma mutumin da ke ɗaga kaya a cikin yadin roba gumi ba ya bushe masa, ga ƙuraje ga jiri. Wannan laifin mai sayen rigar ne da ya duba araha kawai. Ku haɗu ku same shi da ladabi, ku nemi yadin auduga mai haske. Ga masu ɗaukar fetur da gas abin ya wuce batun jin daɗi: yadin roba yana tara 'yar wutar nan da ke tartsatsi in an goga shi, kuma in gobara ta kama, narkewa yake ya manne da fata.

Da hunturu, a Disamba da Janairu, ku sa rigar sanyi a ciki, riga mai ƙyalli a waje. Duk wanda ya bi hanyar Gujungu zuwa Haɗeja da asuba cikin hazo ya san mutum ba ya ganin amalanken shanu sai ya zo dab da shi, kuma haka direban tirela ba ya ganin wanda ya tsuguna yana canza taya cikin baƙar riga. Ganyen da ake jerawa a titi ba ya haske da dare. Rawani ko ƙyallen rufe hanci saboda ƙura ba laifi, a dai cusa jelarsa cikin riga, a kuma buɗe fuska kafin a yi sallama a ƙofar mutane. Da damina rigar ruwa mai wando ta fi mai faɗin nan da ke rufe har babur.

Wa zai biya kuɗin rigar? An ce za a cire a albashinmu, kuma duk ranar da ba ka sa ba tara ce.

A ganina, wanda ya kafa sharaɗi shi ke ɗaukar nauyinsa. Tambarinsa kake tallatawa gari gari. Kuma riga ɗaya ba ta isa ga mai aikin kwana shida cikin ƙura, aƙalla biyu, ɗaya a jiki ɗaya a shanya.

Batun tara, sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana mai gida yanke albashi da sunan tara yadda ya ga dama. In ma'aikaci ya jawo asara da gangan ko da sakaci, ana iya cire wani abu daidai gwargwado, amma da amincewar jami'in ƙwadago, kuma jimillar abin da za a cire a wata ba zai wuce kashi 1 bisa 3 na albashin watan ba. Mai gida na iya yi maka gargaɗi, yana iya hana ka fita da mota ran nan. A fara da sulhu, ta hannun shugabannin tasha ko na kasuwa. In ya gagara, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke da reshe a Kano.

Mu masu burodi da ruwan leda an fi matsa mana. Me ya sa?

Saboda abin da kuke ɗauka ciki yake shiga. Datti yana maƙalewa ƙarƙashin zobe da dogon farce, inda wanke hannu na gaggawa ba ya kaiwa, kuma ledar ruwan da ka riƙe da hannunka ita yaro zai sa a baki ya huda da haƙori. Dutsen zobe ko ɗan kunne na iya faɗawa cikin abinci. Masana'antun nan suna ƙarƙashin sa idon NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wadda aka kafa a 1993, tsafta kuma tana cikin abin da take dubawa. Turare mai ƙarfi da warin fetur suna kama burodi.

Akwai kuma wanda yau ya kai taki da maganin feshi Kadawa, gobe ya ɗauki burodi da riga ɗaya. Wannan bai dace ba. Kayan da suka taɓa maganin feshi a cire su kafin a ɗauki yaro, a wanke su daban, kada uwargida ta haɗa da na yara a baho ɗaya. Siminti ma in ya haɗu da gumi yana cin fata, don haka safar hannu da riga mai dogon hannu.

Za a iya sa ni aske gemu?

Ban ga hujjar hakan ga direba ba. Gemu ba ya taɓa sitiyari. Wuri ɗaya da yake da tasiri shi ne abin rufe hanci irin na masu feshi, wanda ba ya manne wa fuska sosai in akwai gemu. Wannan aiki ne na daban. A nemi tsafta da gyara, shi ke nan.

Wandon sojoji na gwanjo, ko rigar jam'iyya?

Kayan da suka yi kama da na soja ko 'yan sanda ba na farar hula ba ne, kuma za su jawo maka abin da ba ka shirya ba a shingen bincike. Rigar jam'iyya ka bar ta a gida. Kana kai kaya gidan kowa.

Ni mai gida ne, motocina uku da babura biyu. Me zan rubuta wa yarana?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Takarda ɗaya ta isa, da Hausa, boko ko ajami, a karanta wa kowa a gaban shaida. Kowane sharaɗi ka sa dalilinsa a gefe: ba zobe lokacin lodi saboda ƙugiya da batir, ba silifa saboda birki. In ka zo kan wanda ka rasa dalilin da za ka rubuta, goge shi. Ka saya musu abin da ka wajabta. Kuma dokar ta hau kan ɗanka da ƙanenka da ke cikin direbobin, domin ran da aka ga shi da zobe a kan bodi ba ka ce komai ba, ran nan takardar ta mutu.

Sannan ka duba motocin kansu. A kai wa mai walda ya goge bakin ƙarfen da ya fito, ya lanƙwasa ƙugiyoyin su kalli ƙasa, ya sa matakala a bayan bodi. A mayar wa babura murfin sarƙa. Kada ka manta da yaron mota: shi ke hawa, shi ke dirowa, shi ke kwanciya ƙarƙashin mota, amma sau da yawa direba kaɗai ake ɗinka wa riga a saya wa takalmi. In kuɗin takalmi ɗaya gare ka, yaron ya fi buƙata.

In za ka yi wa mutum gyara, ja shi gefe. Magidanci ne, kada ka tsawata masa a kan riga a gaban masu saye.

In na ji rauni a bakin aiki, akwai diyya?

Akwai Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda NSITF, hukumar gwamnati mai kula da asusun inshorar ma'aikata, ke gudanarwa. Masu ɗaukar aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya, ba a cire shi daga aljihun ma'aikaci. Dokar ta ce a sanar da mai gida raunin cikin kwana 14. Ƙananan diloli da yawa a karkara ba su shiga tsarin ba, saboda haka ka tambaya tun kana lafiya. Ko da tsarin ko babu, ka ajiye katin asibiti da rasit, ka kuma riƙe sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu.

Na bar aikin. Rigar tawa ce ko tasu?

Mayar musu da ita tare da katin shaida, a gaban mutum ɗaya ko biyu, a rubuta cewa ka mayar. Kada ka ba ƙanenka ya tafi gona da ita, kada ka sayar. Wani zai iya sa ta ya je kantin da suka saba da kai ya karɓi kuɗin kaya, kuma sunanka za a fara kira. In sun ce ka riƙe saboda ta tsufa, farke tambarin da lambar wayar da ke bayanta kafin ta fita daga hannunka.